Tukunyar da Yayana Ya Zuba

Ni da yayana muka gaji rumfar zubin tukwane a Kazaure bayan rasuwar mahaifinmu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ban tuna ranar da muka yi hira ba faɗa ba.

Abin da muke narkawa tarkace ne: gwangwanaye, tsofaffin tukwane, fistin ɗin mota da na babur. Irin wannan haɗin ba ya narkewa gaba ɗaya. Kafin ya zama ruwa sai ya tsaya kamar kunu mai gudaji. In ka juya shi ya saki, in ka bar shi ya ɗaure. Haka kuma yake yi in yana hucewa a cikin ƙasar zubi. Wanda ya taɓa shi a wannan hali ya raba tsakanin ƙwayoyinsa, tsagar kuwa tana ciki, ido bai cika ganinta ba.

Wata hajiya mai girkin biki daga Roni ta ba mu aikin babbar tukunya. Ranar zubin gawayinmu ya yi ƙasa, sai na ga Yaya ya kama kaskon narki zai sauke.

Na ce, "Yaya, bai gama ba. Dubi yadda yake riƙe sandar juyi."

Ya ce, "Kai za ka koya mini? Ina zubi kana goye."

Ya juye abinsa. Bai ma bari ya huce ba ya buɗe akwatin ƙasar zubin, ya sa awartaki ya ja kunnen tukunyar. Na ga wuyanta ya ɗan bi hannunsa. Washegari na ga layi siriri a gindin kunnen. Ya goge shi da magagari har ya ɓace.

Na ce, "Ba za ta ɗauki nauyi ba."

"To je ka faɗa mata."

Ban je ba. Wannan laifin nawa ne, ban taɓa musunsa ba.

Sati uku bayan haka, a gidan suna, mata biyu suka kama tukunyar cike da miya za su sauke. Kunnen ya ɓalle, miyar ta kwarare wa hajiyar a ƙafa. Da mijinta ya zo rumfa, ina tsaye Yaya ya nuna ni ya ce, "Shi ya zuba. Na sha gaya masa ya daina gaggawa."

Na dube shi, bai ko sunkuyar da kai ba. A ranar na kwashe kayan aikina na koma Babura.

Yanzu duk ranar kasuwar Gwiwa muna haɗuwa, kowa da tukwanensa, layi ɗaya ne tsakaninmu. Ƙanwarmu ta yi ta kai-komo don ta sasanta mu har ta gaji. Bara da Yaya ya kwanta ciwo ya aiko a ce in zo. Na tambayi ɗan aiken ko ya ce zai je Roni ya faɗi gaskiya. Ya ce bai ambata ba. Na ce to ya gaishe shi.