Ruwan Shuka Ya Sami Sahabi a Ƙarƙashin Jirgi

Malam Sahabi mutumin Nahuce ne, amma a ƙarƙashin kan jirgin ƙasa ya tsufa. Tun yana da suma yake zarya zuwa wata rumfar kwano a Gusau, inda ake kwance tsofaffin kawunan jirgi a sake haɗa su. Yau sanƙo ya cinye rabin kansa, jiragen da suka haɗa suka motsa kuwa, ko mai ƙarya zai ji kunyar ƙirga su. Aikin dai suna ne. Gonar geronsa ke ciyar da gidan.

Ran nan aka wayi gari ruwan shuka ya sauka. Damshin ruwan fari ba ya jiran kowa. In rana ta dake shi wuni guda, shi ke nan, sai ka zauna zuru kana kallon geron maƙwabta yana tsirowa. Sahabi, bawan Allah mai ladabin da ba a saka shi ba, maimakon ya wuce gona sai ya hau babur ya zo neman izini.

"Izini?" in ji Lukuman, manajan wurin. "Baba, masu kamfani na tafe ganin injin nan. In ya tashi, ka tafi."

Bawa mai ɗaga ƙarafa ya fi Sahabi wayo. Saƙo kawai ya aiko cewa zazzaɓi ya kayar da shi, zazzaɓin da ke kama shi duk shekara ranar ruwan fari, yana kuma jinyarsa a gonarsa ta Tsafe. Dole aka ɗaga murfin inji da sarƙa da kirari. Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Aka je janareta, ba mai. Manu mai walda ya kawo shawara, aka zuƙe man da ke tankin jirgin aka ɗura wa janareta. Aka yi walda, aka ɗaure, aka zo tayar da jirgi, ƙememe.

"To mi zai sha?" Sahabi ya ce daga cikin ramin da ke ƙarƙashin jirgin. "Hura?"

"Kai da ke ƙasa ka tura shi mana, tsoho," in ji Manu.

Aka sake zuƙo abin da janareta ya rage, rabi a jarka, rabi a cikin Manu. Azahar ta wuce. Duk fitowar da Sahabi zai yi sai ya leƙa waje, ya ga ƙasa tana komawa fari tun daga gefen kwalta.

Dab da la'asar injin ya yi tari, ya cika rumfar da hayaƙi, ya kama. Sahabi ya goge hannu ya nufi babur.

"Ina za ka, Baba?" in ji Lukuman. "In ya mutu wa zai tashe shi? Tsaya su iso."

Ya zauna kan tsohuwar taya yana gadin ƙara. Baƙi ba su iso ba. Man ya ƙare, jirgi ya yi shiru da kansa, sannan waya ta zo cewa sai wani makon. Rana ta riga ta yi ja, hanyar Bungudu da ke kai shi Nahuce kuwa yanzu ba a binta da almuru.

Sahabi ya fita bayan rumfa, ya tuɓe takalmi ya danna dunduniya a ƙasa. Ba ta shiga ba. Ya mayar da takalminsa, ya tafi neman inda zai kwana a Sabon Gari.