Idon Zakaran Kawu Ila

Ku da kuka san Kawu Ila kun san da ido ɗaya yake kallon duniya. Atamfa ce a shagonsa na unguwar Guillotière, nan ƙasar Turawa, ko shayi aka miƙo masa, sai ya runtse na hagu ya auna. Ɗan mahalbi ne daga Damagaram, wai haka gaskiya ke fitowa.

A shekarar tamanin da biyar ɓarayi suka ɓalle ƙofar gidansa a unguwar Minguettes da rana tsaka, suka kwashe talabijin. Matarsa, Hajiya Rabi, ta ɗaure kaya ta ce gida za ta koma. Kawu kuwa ba ya iya kwana biyu ba ita. Sai ya sayi bindigar farauta, ya je kasuwar gwanjo ya samo wa bindigar madubin saiti, irin mai nuna ɗan jan ɗigo inda harsashi zai faɗa. Ya raɗa masa suna idon zakara.

Amininsa Alhaji Sani, mai shago a unguwar Château Rouge, ya zo daga Paris da nasa madubin mai tsada, sabo fil. Ranar Lahadi na raka su filin koyon harbi. Na Alhaji, ɗigon tsaye cak, harbi biyar wuri guda. Na Kawu fa, da an harba sai ɗigon ya yi ƙaura.

Alhaji ya ce, "Ila, arha ba ta ado! Abin nan yawo yake."

Kawu ya ce, "To shi ɓarawon tsaye zai yi maka?"

Kai, Kawu! Batirin madubin ma cire shi yake ya soke a naɗin hularsa, kada ya ƙare. Na ce, "Kawu, in ɓarawo ya shigo fa?"

"Sai ya yi sallama ya jira. Ba shi da tarbiyya ne?"

Da sanyi ya shigo, gilashin na gwanjon ya yi hazo. Alhaji ya ji tausayi ya ba shi nasa kyauta. Kawu ya yi godiya har da ƙwalla, ya jera shi a kabad cikin kwanukan Hajiya. Wai abu mai tsada ba a wahalar da shi.

Bayan rasuwarsa na je karɓar bindigar don a miƙa wa hukuma. Na tambayi Hajiya ina harsasan.

Ta yi dariya tana share ido. "Wane harsashi? Ko ɗaya bai taɓa shigowa gidan nan ba. Ya ce ba zai kashe ɗan wani a kan talabijin ba. Ni dai na ga dattijo yana goge bindiga kullum don hankalina ya kwanta, sai na kwance kayana."

Wallahi ina kewarsa. Allah Ya jiƙan Kawu Ila, Ya kwantar masa da hankali a kabarinsa.