Ƙafar Yaya Bala da Fatar da Ba Ta Ɓoye Ciwo

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Bala na Abakpa. Ciwon suga aka ce ya kashe shi. Ni da na yi jinyarsa na san da hannun "da sauƙi" a ciki.

Ma'aikacin gwamnati ne, mai tsafta har ta yi yawa, mutumin da ke goge takalminsa kafin ya gaida matarsa. Sugan ya cinye jijiyoyin ƙafarsa a hankali har tafin ya daina jin komai, bai faɗa wa kowa ba. Wata Juma'a cikin bazara ya makara, sahu ya fito har kan kwalta. Ya cire takalmi ya bi liman a kan titin da ya sha rana. Na kusa da shi suna ta ɗage ƙafa, shi ko gezau. Sai da ya koma gida matarsa ta ga tafin ya sale.

Daga nan gyambo ya kama. Duk wanda ya ce masa ya jiki, amsar ɗaya ce. Har likita ya taɓa ce masa, "Malam, ni ba dubiya na zo ba, faɗa mini gaskiya." Yaya ya yi murmushi ya ce, "Da sauƙi, likita." Ranar da muka kwance ƙyallen da yake ɗaure ƙafar da shi da ƙarfi, aikin gama ya gama.

Kwanakin baya 'yarsa Rabi, wadda ke karatun injiniya, ta nuna mini wani abu a wayarta. Siriri ne kamar ɓawon albasa, yana miƙewa yana lanƙwasa tare da fatar mutum. A manna shi a tafin ƙafa ko cikin safa, ya ji zafi, ya ji inda nauyi ya danne, ya aika wa waya. Ta ce yawancinsu suna ɗakin gwaji tukuna, kada in je kemis ɗin unguwar Mando nema.

Na yi ta tunanin me Yaya zai ce. Na san zai fara tambaya ko ruwan alwala na ratsa shi. Sannan ya kira shi ɗan gulma, tunda ga abu a jikinka yana kai ƙararka. Zai saka? Ina shakka. Mu an tarbiyyantar da mu cewa kuka da ciwo rashin godiya ne, kuma babu na'urar da ke gyara wannan.

Ina kewarsa ƙwarai, kuma har yau ina jin haushinsa. Ya bar mana kirki da barkwanci, ni da shi kuma mun yi tarayya a sugan, gadon gidanmu.

Watan jiya likita ya sa na rufe ido, ya taɓa tafin ƙafata da wani ɗan zare, ya ce, "Baba, ka ji?" Rabi ce ta rako ni, tana tsaye a bakin gado. Bakina har ya ɗauko amsar gidanmu.

Na ce, "Ban ji komai ba, likita. Duba da kyau."