Famfon Tukunyar Hajja Kaltume

Har gobe ba zan manta da ranar da na huda tukunyar Hajja Kaltume ba. Ku da kuka shigo wannan sana'a yanzu kun tarar da komai roba ne, ku shafa gam ku liƙa ku tafi shan shayi. Mu a zamaninmu jan ƙarfe ne da wuta, in ka ɓata abu kuwa babu shagon da za ka ruga ka sayo wani.

Wajen ƙarshen shekarun sittin ne. Ina aiki a warsha, wato shagon aikin Mu'allim Salim, wani Balarabe Bahadrame mai aikin famfo a unguwar Sharafiyya, can ƙasar Larabawa. Na wuce matsayin mai riƙon jaka, ana kirana usta, wato wanda ake tura shi aiki shi kaɗai, mu'allim ya biyo baya ya duba. Yawancin aikinmu a sababbin gidajen attajirai ne, ƙa'idarmu kuma ɗaya ce: ruwan da ya gama aikinsa, bututu ya kai shi bayyara, ramin ƙazantaccen ruwa da ake haƙa wa kowane gida.

Wata safiya wani direba mai suna Abdurrahman, Bahaushen Sudan kamar ni, ya zo warsha ransa a ɓace. Mahaifiyarsa ce Hajja Kaltume, a unguwar Mahjar take, sana'arta dafa ruwan wardi. In lokacin fure ya yi, shi ne ke ɗauko mata shi a buhuna daga garin Ɗa'ifa. Sai ta zuba furen da ruwa a wata ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe, ta rufe, ta liƙe bakin da ƙullin fulawa, ta hura wuta. Tururin ya bi ta bututu, bututun ya ratsa gangar ruwan sanyi, ruwan wardi ya riƙa ɗiga a kwalba. Wahalar tana ƙarshe: duk dahuwa sai an kwashe ruwan zafin da ya rage a gindin tukunya, a karkata ta a juye. A wajen karkatawar ne ruwan ya kwaro wa tsohuwa a ƙafa.

“Ya usta, halas, abin ya isa haka,” in ji Abdurrahman. “Na gaya mata, ko a yi wa tukunyar nan dabara, ko in kai ta wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ba zan zuba ido ta dafa kanta ba.”

Na je na ga tukunyar. Ta girme ni nesa ba kusa ba, daga hannun uwar Hajja ta fito. Hajja na zaune a tabarma, ƙafa a naɗe, tana kallon jakar kayan aikina kamar na zo da wuƙar wanzami.

“Yaro, ka taɓa huda irinta?”

“A'a, Inna. Amma na huda waɗanda suka fi ta taurin kai.”

Ta yi dariya, ta ce in yi bisimilla in fara.

Ga yadda ake yi, don ku sani. Ba a huda tsakiyar gindi, domin nan wuta take ci. A gefe ake hudawa, can ƙasa, a inda harshen wuta ba ya kaiwa. Ka fara da ƙaramin rami, ka faɗaɗa shi da magagari a hankali, don tsohon jan ƙarfe ba ya son gaggawa. Ba a liƙa famfon da dalma: wuta za ta narkar da ita, ga shi kuma ruwan nan a shayi da alawa mutane ke zuba shi. Da waldar azurfa na kama shi. Daga ciki na sa 'yar rariyar jan ƙarfe don kada furen ya toshe hanya, na sake shafe wurin da kuza. Sannan na ja bututu daga famfon, na bi da shi jikin bango har bayyara. Muka cika tukunya da ruwa, ko ɗigo bai tsatso ba. Mu'allim Salim ya zo, ya shafa waldar da yatsa, ya ce, “Tamam.” Wanda ya san shi ya san wannan babban yabo ne.

Ranar da furen ya iso na koma in ga gwaji. Aka yi dahuwar farko. Hajja ta murɗa famfon da yatsu biyu, muka ji ruwa yana gudu a bututu, tukunya ta wofinta ba wanda ya ɗaga komai. Abdurrahman ya rungume ni. Ni ma na ji daɗi ƙwarai, har na zauna na ci shinkafar da aka kawo mini da hannu biyu.

Bayan la'asar sai ga sallama. Matan unguwa ne, wannan da kwano, waccan da gwangwanin man girki, wata da buta. Suka tsaya a bakin murhu suna duban tukunya, suna duban bututuna. Hajja ta bi bututun da kallo. Ita ma murna ta sa ba ta yi tunanin inda ruwan ya tafi ba sai yanzu. Matan suka yi mata sannu da ƙafa, suka juya da kwanukansu a bushe.

Da suka fita ta kira ɗanta. “Abdu, kai ta wa masu tsohon ƙarfen.”

“Yumma, lesh, don me? Ba ga shi an gyara ba?”

Sai ta juyo gare ni. “Ɗana, aikinka ya yi kyau, ban raina ba. Amma ka san abin da ka zuba a masai? Wannan jan ruwan na gindi shi ne rabon waɗanda ba su iya sayen kwalba. Da shi mai jego take wanka. Da shi ake ɗauraye kayan salla, a yayyafa a ɗaki ranar Juma'a. Matan nan tun asuba suke nan suna taya ni tsince fure. A garin da ake sayen ruwa da gwangwani, ni ce zan tura ruwa mai ƙamshi rami? Gara in bar sana'ar.”

 Na yi aiki daidai da ƙa'ida, ga shi aikin yana neman raba tsohuwa da tukunyarta. Na roƙe ta ta ba ni zuwa gobe.

Da na ba Mu'allim Salim labari, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. “Ni ma na duba na ce tamam,” in ji shi. “Yalla, ɗauki zarto ka tafi.”

Washegari na yanke bututun, na bar ɗan guntu kamar taƙi ɗaya, na lanƙwasa bakinsa ƙasa. Ni da Abdurrahman muka haƙa ɗan gurbi a gefen murhu, muka shafe shi da siminti, yadda bokiti zai zauna ƙarƙashin famfon ba ya motsi. Aka yi dahuwa. Da yamma matan suka dawo, da ɗan ɗari-ɗari. Hajja ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta zauna a gaban famfo, ta karɓi kwano na farko.

“Wa ya ce a yi layi?” in ji ta. “Mai jego ta fara matsowa.”

Abdurrahman bai ƙara zancen masu tsohon ƙarfe ba. Hajja ta ci gaba da dafa wardinta shekaru da dama, a zaune, ba ta ƙara ƙonewa ba.

Tun daga ranar, duk gidan da na shiga aiki, ba na fito da kayan huda sai na zauna da mai amfani da abin. Mai gida zai gaya maka inda yake so bututu ya bi. Amma ka nemi wadda hannunta ke cikin ruwan kullum, ka tambaye ta: wannan ruwan, in ya fita daga nan, akwai mai jiran sa?