Muƙamuƙin Akuya

A makarantarmu ta 'yan mata a Kafanchan, cikin shekarun saba'in, Turanci ne kaɗai harshen da aka halatta. Malamar Turanci kuwa ba ta da wasa. In ka manta da “the” a jimla, sai ta murɗe maka kunne. In ka kuskura ka yi Hausa ko yaren gida, wannan babban laifi ne: a rataya maka muƙamuƙin akuya a wuya, washegari ka sha bulala a gaban kowa. Duk maganar da ka ƙara da ƙashin a wuyanka, bulala ce ta ƙaru.

Wata Asabar Mama ta taho daga Samaru Kataf, ɗauke da ƙunshin acca da gyaɗa. Mamata fa bakinta ba ya hutawa. A gida ko kaji ba ta bari su wuce ba ta tanka musu ba. Tun daga bakin ƙofa ta kwaɗa min kira da Katafanci. Wa zai ji muryar uwarsa ya tsaya neman Turanci? Na amsa, na ruga na rungume ta.

Ban ankara ba sai na ji igiya a wuyana. Monita ce ta rataya min. Ko kunya babu, a gaban uwata!

Mama ta dubi ƙashin, ta dube ni. “Wannan ƙazantar fa?”

Na gaya mata dokar duka, har da ƙarin bulalar. Na ce, “Bar su, Mama, ai an riga an kama ni. Yaya Baba? Saniyarmu ta haihu?”

Sai ta sa hannu ta toshe min baki.

Muka zauna a gindin mangwaro, tana ɓare min gyaɗa, ni ina kuka ina roƙonta ta yi magana. Da na buɗe baki sai ta girgiza kai, ta nuna monita da ido. Matar da ta biyo mota tun safe da labarin gida cike da bakinta, ta haɗiye shi duka. Da rana ta yi, ta gyara min ɗankwali ta tafi, ko sallama babu.

Bulalar na sha, ban ma ji zafinta ba. Har na gama makarantar nan Mama ba ta fasa zuwa ba, amma ba ta ƙara shigowa ciki ba. Sai dai ta ba maigadi ƙunshi, ta tsaya bayan shingen waya tana ɗaga min hannu.