Malami Tela da Igiyar Bawa

A Gatawa, idan saurayi ya shige ɗaki ya daina fita cikin tsaransa, Malami tela ake aika wa. Yakan rufe keken ɗinkinsa, ya je ya zauna a bakin ƙofa har yaron ya yi magana. Daga nan sai ya bi iyaye, ya bi liman da mai unguwa, ya bi waɗanda suka sa yaron a gaba da tsokana. Mutane suna cewa tausayi ne ya sa shi wannan aiki. Maƙwabcina ne tun kafin in fara aikin akawu a garin Isa, kuma abin da na gani da idona shi ne, kishi ne ya fara tura shi.

Amiru ne ɗansa na fari. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane. Malami ya riƙe wannan kunya da ƙarfi. In zai aike shi sai ya ce "kai", in zai ambace shi sai ya ce "wanga yaro".

Shekarar da fari ya yi tsanani, rumbuna suka ƙare, ɗinki ya tsaya, domin mai jin yunwa ba ya tunanin sabuwar riga. Samarin unguwa suna ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansu a ci tare. Ran nan aka buɗe na Amiru aka ga tuwon dusa. Suka sa masa Na-dusa. In ya wuce sai su yi kukan akuya, har yara ƙanana suka ɗauka. Ya daina fita, ya rame, ya daina wanka. Wata rana ya ce wa mahaifiyarsa, Rahmatu, da babu shi a duniya da ƙannensa sun ƙoshi. Rahmatu ta gaya wa Malami tana kuka. Malami ya je har ƙofar ɗakin, ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya dawo. Bai san da wane baki zai fara ba.

Bawa mai yasar rijiya ne ya fitar da yaron. A shekarun nan aiki ya yi masa yawa, ana kiransa har Burkusuma don ya ƙara wa rijiyoyi zurfi. Ya ji labari wurin matarsa, sai ya leƙa ɗakin ya ce, "Amiru, taso ka riƙe mini igiya, mai riƙe mini ya tahi cin rani." Shi ke nan abin da ya faɗa, yaron kuma ya tashi.

Kafin wata ya juya, Amiru ya fara cin abinci. Malami ya yi godiya ga Allah, amma bai yi wa Bawa ba. Daga rumfarsa yana ganinsu suna dawowa da yamma, jikinsu duk laka, yaron yana dariya har yana dafa kafaɗar Bawa. Ya ji yana ce wa Bawa Baba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda Bawa ke jefa sunan nan a tsakiyar kasuwa, Amiru kaza, Amiru kaza, sunan da shi Malami ne ya raɗa wa yaron bai kuma taɓa faɗa da ƙarfi ba.

"Ni na haihe shi, wani na jin daɗinshi," ya ce mini. Na ce ai yaron ya samu sauƙi. Ya ce, "Na ce bai samu ba?" Ya taka keke da ƙarfi har allura ta karye.

Wata safiya ya ce in raka shi rijiyar bayan gari, za shi ɗauko ɗansa. Muka tarar Bawa yana ciki, Amiru ya dafe ƙafa a jikin itace yana riƙe da igiya, kansa a sunkuye, yana ta magana cikin ramin. Yana ganinmu ya yi shiru.

"Kai, tashi mu tahi gida," in ji Malami.

Muryar Bawa ta taso daga ƙasa. "Malami, in ka janye shi, kai za ka ciyar mini da iyali!"

Aka jawo Bawa sama. Malami bai ko gaishe shi ba. "Mi wanga yaro ka faɗa maka kullum?"

"Ba ni faɗi. Amana ce."

"Asiri ka yi mishi?"

Bawa ya yi dariya har ya zauna. "Ina na ga kuɗin asiri? Wanda ke ƙasa ba a ganin fuskarshi, na sama kuma ba shi iya tafiya ya bar ka. To mi ya rage in ba magana ba? In kana son ji, ga igiya."

"Kai tela ne, Malami," na ce, "ko bishiya ba ka taɓa hawa ba."

"Za ni sauka," ya ce, yana tuɓe riga.

Bawa ya ɗaure masa ƙugu, ya riƙe ƙarshen igiyar daga baya, ya bar Amiru a bakin rijiyar. Malami ya sauka yana salati, gwiwoyinsa suna bugun bango. Ya taka ƙasa. Sai muka ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Amiru."

Hannun yaron ya ƙara damƙe igiyar. Ya ce, "Na'am, Baba."

Bawa ya ja ni muka matsa nesa, igiyar tana naɗe a hannunsa. Duk da haka na ji abin da ya biyo baya.

"Duk abin da ka faɗa ma Bawa, faro mini shi daga farko. Kada ka rage mini ko ɗaya."