Gyaran Tatsuniyar Mai Tsintar Kaɗanya

Damina biyu ke nan bayan ciwon nan da ya sa aka rufe kasuwanni da masallatai, ba a kai ga canjin kuɗi ba tukuna, muka baro ƙauyenmu na wajen Randagi muka tare a Birnin Gwari, gidan ɗana na biyu. Kowa ya san abin da ya taso mu, ba sai na faɗa ba. Abin da zan faɗa shi ne yadda tasowar ta taɓa wata tatsuniyata.

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma tatsuniyoyin da nake yi ba duka na gada ba. Wasu ni na ƙaga su, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san bakina. A hanyar tsintar kaɗanya nake ƙulla su. In fita da sassafe da kwando, ƙafa na tafiya, baki na motsi. Kafin in kai rafi na sami farko, kafin kwando ya cika na sami tsakiya. Ƙarshe ne mai wuya, wani sai ya shekara bai zo ba.

To, ba a tatsuniya da rana, haka muka tashi muka tarar. Sabuwa kuwa ba a kai ta gaban yara ɗanya, sai an gwada. Dabarata ita ce in kai wa ƙawata, wata Bagwariya maƙwabciyarmu da muke dakan kaɗanya tare tun muna amare. Ba na buɗewa da gatanan, ba na rufewa da ƙurunƙus. Sai in ce, "Kin ji abin da ya sami wata yarinya can Tabanni?" Shi ke nan ya zama gulma, gulma kuwa ba ruwanta da rana ko dare. Ta san ƙirƙira nake, ni ma na san ta sani. Taɓaryarta nake kallo. In ta tsaya da daka, wurin ya yi. In ta ci gaba, sai in koma da shi in sake.

Wadda na fi ji da ita ta wata yarinya ce mai haɗama. In ta je gindin kaɗanya sai ta tsince ƙaf, ba ta bar wa na baya ko ɗaya. Ran nan ta yi nisa cikin daji, ta juyo, hanya ta ɓace. Sai ta ji ruri daga nesa yana matsowa, ashe itatuwa ne suka taso neman 'ya'yansu. Ba ta ga gida ba sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana mayar wa kowace rabonta. Rurin nan shi ne gwanintata. Da ƙirji nake yin sa, in fara can ƙasa in yi ta ɗagawa, yara su cure wuri guda suna ihu suna dariya.

A Birni na yi ta bayan an ci tuwo. Ina kaiwa ga rurin, sai jikata, 'yar babban ɗana, wadda ba ta ko shiga makaranta ba, ta toshe kunnuwa ta ruga ɗaki ta shige ƙarƙashin gado. Ita a wurinta ruri daga daji babura ne. Sauran yaran ma babu wanda ya yi dariya. Daga ranar, da ta ga na shimfiɗa tabarma sai ta bar wurin. Yarinyar da a bayana ta yi wayo!

Uwarta ta same ni, ta durƙusa. "Inna, da kin mayar da labarin kasuwa mana. Ta ɓata a cikin rumfuna, a bar dajin nan."

Na ce, "Kin taɓa ganin kaɗanya ta tsiro a rumfar mai atamfa?"

Duk da haka na gwada, don ba zan bar yarinya ta girma tana gudun bakina ba. Ƙawata da mutanenta sun sauka a wata unguwa bayan tasha. Na same ta tana surfen masara, na tsuguna na fara ba ta labarin wata yarinya da ta ɓata a kasuwa. Taɓarya ba ta tsaya ba har na gama.

Ta ce, "Yarinyar nan taki ba ta da baki ne? Ta tambayi mai tsire hanya mana."

"Ke dai tun kina amarya kunnenki ke da tauri."

"Kunnena lafiyarsa ƙalau. Labarin ne ya zube kamar haƙoranki." Ta tattara masarar da ta fantsamo, ta ce, "Mayar da ita inda take. Amma ke daji kawai kike cewa, su kuwa yaran daji ɗaya suka sani."

Na koma na zauna da maganar. Babu hanyar tsinta yanzu, sai na riƙa ƙullawa ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na cire kalmar daji gaba ɗaya. Na sa yarinyar ta wuce tsamiyar bakin rafi, ta huta a gindin ɗorawar da muke hutawa, ta sha ruwa a kan falalen dutsen da muke shanya. Rurin ne ya ba ni wahala. Na rage masa ƙarfi, ƙawata ta ci gaba da daka. Na mayar da shi kukan tsuntsaye, ta yi hamma. Daga ƙarshe na fitar da shi. Na sa itatuwan suka tsaya a kan hanya shiru, kowace ta miƙo reshe kamar mai jiran a zuba mata a hannu. A nan taɓarya ta tsaya a sama.

Gyara na ƙarshe ni kaɗai na yi shi. Na ɗauko ƙarshen na kawo gaba. Na fara da wata tsohuwa mai sayar da man kaɗanya, tana ba jikokinta labarin abin da ya same ta tana yarinya.

Ƙawata ta ce, "Kin tona asirin tun farko, me za a jira kuma?"

Na ce, "Ba don ke na yi ba, tsohuwa."

Ran da na yi wa yara, jikata tana bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya a ciki. Na ɗaga murya wurin faɗin tsohuwar tana nan da ranta, har da ƙiba. Da na kai inda hanya ta ɓace, sai na ji muryarta.

"Kaka, da gaske ta dawo?"

"In ba ta dawo ba, wa ya tsufa?"

Ta matso ta zauna a gefen tabarma. Da itatuwa suka miƙo rassa, ita ma ta miƙo mini tafinta, na zuba mata gyaɗa. Washegari ita ta jawo tabarmar da kanta, har tana gyara mini wai na tsallake ɗorawa.

Cikin matan da muke fita tsinta tare, mu uku muka rage. Ni, da ƙawata da ke wurin 'yarta a Kaduna yanzu, ido ya yi mata rauni amma baki na nan, sai ƙanwar marigayi maigidana a Kusasu, wadda har yau take cewa tatsuniyar ta farkon, mai rurin nan, ta fi daɗi.